Yadda ake kwatanta faya-fayan fim ɗin Metropolis kafin a zaɓi na ajiyewa

Mutum biyu za su iya ce maka sun kalli Metropolis, fim marar magana da Fritz Lang ya shirya a Jamus, amma in ka zaunar da su kowa ya ba da labarin abin da ya gani sai ka ɗauka fina-finai biyu ne daban. Ɗaya ya ga minti 80 da ɗoriya mai rini kala-kala da waƙoƙin zamani, ɗayan ya ga minti 148 fari da baƙi da kiɗan gargajiyar Turai. Dukansu gaskiya suka faɗa. An fara haska fim ɗin a Berlin ranar 10 ga Janairun 1927, kuma tun a shekarar aka soma datse shi, shi ya sa faya-fayan DVD da Blu-ray da ke ɗauke da sunansa suka sha bamban. Matakan da ke ƙasa na wanda ke da kwafi biyu ko uku a hannu ne, ko yake shirin saye, yana son ya tantance da idonsa. Hanyar za ta yi maka aiki a kan kowane tsohon fim na wancan zamani.

Mataki na 1: Fara gano asalin kowane kwafi

Kafin ka kalli kyan hoto, nemi sanin daga wane zaren fim aka ɗauko abin da ke cikin faifan. Wannan shi ne rabin aikin. Faifai biyu da suka fito daga tushe ɗaya bambancinsu ƙanƙani ne, amma in tushen ya bambanta babu gwanintar injiniyan da za ta daidaita su.

Kwafin Metropolis sun kasu gida huɗu. Gida na farko shi ne datsattsun kwafi. Zaren da aka haska a Berlin tsawonsa mita 4,189 ne. Kamfanin Paramount a Amurka ya ba marubuci Channing Pollock aikin gajarta shi, ya cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu, har da dukkan labarin Hel, matar da ta rasu wadda a kanta gabar Joh Fredersen, mai mulkin birnin, da Rotwang, mai ƙirƙirar na'urori, ta samo asali. A Jamus ma, kamfanin Ufa ya sake fitar da shi a watan Agustan 1927 da mita 3,241 kacal. Yawancin faya-fayai masu araha, waɗanda ba su faɗi inda suka samo hoton ba, jikokin waɗannan datsattsun ne, an kwafa an sake kwafa har hoton ya dushe.

Gida na biyu shi ne na mai shirya kiɗa Giorgio Moroder na 1984, wanda ya rina hoton, ya mayar da yawancin allunan rubutu zuwa fassarar ƙasan allo, ya ɗora waƙoƙi da muryoyin irin su Freddie Mercury da Bonnie Tyler. Na uku shi ne gyaran 2001 da gidauniyar Friedrich Wilhelm Murnau ta ɗauki nauyi ƙarƙashin jagorancin Martin Koerber, mai kimanin minti 124, wanda ya cike giɓin wuraren da suka ɓata da rubutaccen bayani. Na huɗu shi ne gyaran 2010, bayan da a 2008 aka gano wani kwafi mai faɗin milimita 16 a gidan adana fina-finai na Museo del Cine da ke Buenos Aires a Ajantina, ɗauke da kusan minti 25 da aka daɗe da fid da rai a kansu. An haska wannan gyara ranar 12 ga Fabrairun 2010 a Berlin da Frankfurt, tsawonsa kimanin minti 148.

Juya bayan kwalin faifan ka nemi abu uku: shekarar gyara, sunan gidauniyar Murnau, da sunan wanda ya yi kiɗa. In babu ko ɗaya, sa shi a gida na farko har sai ya nuna maka akasin haka. Akwai kuma gwaji mai sauri: tsallaka zuwa inda Fredersen ya fara zuwa gidan Rotwang. In ka ga ya ja labule wani ƙaton mutum-mutumin kan Hel ya bayyana cikin hoto mai motsi amma cike da karce, to gyaran 2010 ne a hannunka. In rubutu kawai ya fito yana bayyana abin da ya faru, na 2001 ne. In aka wuce ba a ko ambaci Hel ba, datsattse ne.

Mataki na 2: Kada mintocin da ke bayan kwali su ruɗe ka

A nan ne mafi yawan masu kwatanci ke tuntuɓe, don haka za mu ɗan daɗe.

A zamanin fim marar magana babu tsayayyen gudun da aka amince da shi. Da hannu ake juya kyamara, kuma mai majigi a gidan silima yana iya ƙara gudu ko ya rage. Sai da fim mai magana ya zo aka tsaya a kan hoto 24 a kowace daƙiƙa. Saboda haka tsawon fim irin wannan da mita ake auna shi, mintoci kuwa sun dogara ne da gudun da mai faifan ya zaɓa.

Ga lissafin. Mita ɗaya na zaren silima mai faɗin milimita 35 yana ɗauke da hoto kusan 52 da rabi. Mita 4,189 ke nan sun kai hoto kusan 219,900. In aka haska su 24 a daƙiƙa, minti 153 za su ci. In 20 ne, minti 183. Yanzu ɗauki datsattsen nan mai mita 3,241, wato hoto kusan 170,000. A gudun 24 minti 118 ne, a gudun 20 minti 142, a gudun 18 kuwa ya haura minti 157. Ka ga ke nan kwafin da aka yanke wa kusan mita dubu zai iya fin cikakken tsawo a agogo, don kawai an rage masa gudu. Wanda ya sayi faifai don ya ga an rubuta minti masu yawa, watakila ragi ya saya da tsada.

Akwai kuma batun PAL, tsarin talabijin da ake amfani da shi a Turai da Najeriya. Faifan DVD na PAL yana tafiya da hoto 25 a daƙiƙa, don haka fim ɗin da aka shirya a kan 24 yakan ƙara sauri da kashi 4 cikin ɗari. Minti 148 sai ya koma kusan 142, ba tare da an cire ko hoto ɗaya ba. Lura da wannan adadi: 142 ɗin nan daidai yake da na datsattsen da aka tafiyar a gudun 20. Mintoci iri ɗaya, amma ɗaya cikakken gyaran 2010 ne, ɗayan babu kashi ɗaya cikin huɗu na labarin.

Yadda za ka auna gudun da kanka: zaɓi fitowa ɗaya da ke cikin duka kwafin, misali tafiyar ma'aikata a farkon fim lokacin canjin aiki, inda suke jere kai a sunkuye. Sa agogo daga yankan farko zuwa yankan ƙarshe na wannan fitowa a kowane faifai. In wani ya ci daƙiƙa 50 wani ya ci 60, rabon 24 da 20 ke nan. In bambancin daƙiƙa biyu ne cikin 50, saurin PAL ne. Gyaran 2010 a kan 24 aka tsayar da shi, kuma an yi amfani da rubutaccen kiɗan asali da Gottfried Huppertz ya yi wa fim ɗin, mai ɗauke da alamomin inda kowane sashe ya kamata ya faɗo, wajen daidaita jeri da tsawon fitowa. Akwai masana da ke ganin gudun ya yi yawa a wuraren da ake guje-guje, kuma idonka ma zai iya faɗa maka haka, amma a kan wannan gudun ne kiɗan ya zauna.

Mataki na 3: Shirya kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta mai karanta faifai, manhajar VLC don kallo da ɗaukar hoto, da MediaInfo don karanta bayanan fayil. Duka biyun kyauta ne. In a talabijin za ka yi, shiga saiti ka kashe abubuwa huɗu: mai santsar da motsi, mai rage hayaniyar hoto, mai ƙara kaifi, da mai zuƙo hoto ya cika allo. In ka bar su, talabijin ɗinka kake aunawa, ka bar faifan. Yi amfani da allo ɗaya, saiti ɗaya, a ɗaki mai ɗan duhu, ga dukkan kwafin.

Duba shiyya, wato yankin duniyar da aka kulle faifan don na'urorinsa, tun kafin ka biya kuɗi. A tsarin Blu-ray, Afirka da Turai suna shiyyar B, Amurka tana A. A tsarin DVD kuwa Amurka 1 ce, Turai 2, Najeriya da Nijar da makwabtansu 5. Gyaran 2010 ya fito a ƙarshen shekarar ta hannun kamfanin Kino a Amurka da kuma kamfanin Eureka a Birtaniya. Ga mai na'urar shiyyar B, na Birtaniya ne zai buɗe ba gardama, na Amurka kuwa sai ka tabbata na'urarka tana karɓar kowace shiyya.

Mataki na 4: Ɗauki hoto ɗaya tak daga kowane kwafi

Kwatancin da ba a yi shi a kan hoto ɗaya ba, aikin banza ne, domin a tsohon fim hoto biyu maƙwabta ma suna iya bambanta a haske da kaifi. Kuma tunda gudu da tsawo sun bambanta, lambar minti ba za ta kai ka wuri ɗaya ba. Dabarar ita ce ka kama yanka. Tsayar da fim ɗin dab da inda za a sauya fitowa, danna harafin E a VLC yana matsawa hoto ɗai-ɗai, har sabuwar fitowar ta bayyana. Daga nan ƙirga biyar, sannan ka ɗauka da Shift da S. Maimaita haka a ɗaya faifan. Ajiye hotunan a tsarin PNG, domin JPEG yana ƙara nasa lahani a kan na faifan.

Wurare biyar sun isa, muddin kowanne yana gwada abu daban. Fuskar Maria, wadda Brigitte Helm ta fito a matsayinta, lokacin da ta shigo lambun masu kuɗi da yara, don ganin laushin fata da gashin ido. Hoton birnin daga nesa da gadoji da motoci da jiragen sama, don ƙananan abubuwa. Inda Rotwang ke bin Maria da tocila a ƙarƙashin ƙasa, don duhu. Fashewar babban inji da tururi ya turnuƙe, da kuma zobban hasken da ke hawa da sauka a jikin mutum-mutumin ƙarfe, don ganin ko matsar bayanai ta lalata hoton.

In kana haɗa DVD da Blu-ray, daidaita girmansu tukuna. DVD na PAL ɗigo 720 ne a 576, na Amurka 720 a 480, Blu-ray 1920 a 1080, wanda hoton fim ɗin ke cin kusan 1440 na faɗinsa. Faɗaɗa na DVD zuwa 1440 a 1080 sannan ka jera su, in ba haka ba ƙanƙantarsa za ta sa ya yi kamar ya fi kaifi.

Wani abu da zai iya ɗaure maka kai: ka ƙirga daidai amma hannun ɗan wasan ko kusurwar kyamarar ba su zo ɗaya ba. Ba kuskurenka ba ne. A lokacin an haɗa nagetif, wato zaren asali da ake wanke kwafi daga gare shi, fiye da ɗaya, na gida da na Amurka da na sauran ƙasashe, daga ɗauka daban-daban ko daga kyamarorin da aka jera gefe da gefe. In ka gamu da haka, rubuta shi, domin shaida ce cewa tushen faya-fayan biyu ba ɗaya ba ne.

Mataki na 5: Abin da za ka duba a hoton

Fara da gefuna. Siffar hoton fim marar magana 1.33 ne a 1, wato kusan murabba'i, don haka a talabijin na zamani dole ka ga baƙin shafi dama da hagu. In hoton ya cika allon, ko dai an miƙe shi fuskoki sun yi faɗi, ko an sare sama da ƙasa. Agogon bango da ke cikin fim ɗin ma'auni ne mai kyau: in ya zama kamar ƙwai, an miƙe. Duba kuma gefen hagu. Da fim mai magana ya zo, an ware wani siririn layi a hagun zare don sauti, kuma tsofaffin fina-finan da aka sake wankewa a irin wannan injin sun rasa wannan ɓangare. Alamarsa ita ce allon rubutu ya karkata hagu maimakon ya zauna a tsakiya.

A gyaran 2010 za ka ga hoton ya ɗan tsuke, baƙi ya bayyana a hagu da sama, duk lokacin da aka shiga ɓangaren Ajantina. Kada ka ɗora wa faifan laifi. Tun lokacin da aka kwafe zaren zuwa milimita 16 aka rasa wannan gefen, masu gyara kuma suka bar gurbin baƙi don abin da ya rage ya zauna a mazauninsa na asali. Karcen da ke zuba kamar ruwan sama a waɗannan wurare ma a jikin kwafin yake, an wanke shi tare da hoton. Faifan da ya nuna ɓangaren Ajantina sumul, abin zargi ne.

Sai duhu da haske. A fitowar tocila, faifai mai kyau zai bar ka ka ga bangon kogon a cikin duhun, da lanƙwasar rigar Maria a cikin hasken. Kwafin da aka sha kwafa yakan mayar da duhu baƙi ƙirin, haske fari fat, fuska ta zama ido biyu da baki a kan farin faranti. In kuma duhun ya yi toka-toka a dukkan faya-fayan, matsalar daga saitin kwamfutarka ce: bidiyo yana aiki da ma'aunin 16 zuwa 235, kwamfuta 0 zuwa 255, kuma in ba su daidaita ba komai zai dushe.

Sannan yashi-yashin hoto. Zaren fim yana da ƙwayoyi ƙanana da ke motsi kamar yashi, kuma a cikinsu ne ƙananan bayanai suke. In aka goge su da kwamfuta fiye da kima, fata takan koma kamar kakin zuma, saƙar tufafi ta ɓace. In aka ƙara kaifin ƙarya, za ka ga farin layi yana bin gefen gine-gine da kafaɗun mutane masu baƙaƙen kaya. A tururin injin kuwa nemi ƙananan murabba'ai da ke fashewa, a zobban hasken nemi inda haske ke sauka hawa-hawa kamar matakala maimakon ya narke. Duka biyun alamar an matse bayanai ne.

MediaInfo zai ba ka adadin. Blu-ray mai kyau yakan ba hoto megabit 20 zuwa 35 a daƙiƙa, kuma minti 148 a megabit 25 ya kusa gigabait 28, abin da ke buƙatar faifai mai hawa biyu. Fayil ɗin megabait 700 da aka tura maka a filas ko a waya, ko da an rubuta Blu-ray a sunansa, bai kai megabit ɗaya a daƙiƙa ba. Zai gaya maka wane gyara ne, amma ba za a yanke hukuncin kyan hoto da shi ba.

Batun rini: gyaran 2001 da na 2010 fari da baƙi ne, kalar da ke cikin na Moroder zaɓinsa ce. A wasu fina-finan zamanin kuwa rinin na asali ne kuma yana da aiki, shuɗi na nufin dare, ruwan ɗorawa rana, don haka a can rashinsa ne aibi.

Mataki na 6: Allunan rubutu

A fim marar magana rubutun da ke fitowa tsakanin hotuna shi ne zance. Faifan Eureka ya bar su da Jamusanci da fassarar Ingilishi a ƙasa wadda za ka iya kashewa, na Kino ya maye gurbinsu da na Ingilishi. Na farko ya fi kusa da abin da aka gani a 1927, na biyu ya fi sauƙi ga wanda ba ya son raba ido biyu. Mu dai mun fi karkata ga na Jamusanci, domin a wannan fim rubutun kansa wani lokaci yana motsi, yana sauka ƙasa in ana maganar birnin ma'aikata, yana hawa sama in ana maganar na masu mulki, kuma zanen asali ya fi nuna hakan. A datsattsun kwafi karanta da kyau: Pollock ya sake rubuta zancen, har sunayen wasu ya canza, Joh Fredersen ya koma John Masterman. Ganin wannan suna kaɗai ya isa ya gaya maka zuriyar faifan.

Ko a gyaran 2010 akwai wurare biyu da har yanzu rubutu ne ke tsaye a madadinsu: wa'azin wani malamin coci, da faɗan Fredersen da Rotwang wanda ya ba Maria damar tserewa.

Mataki na 7: Saurari kiɗan da ido a buɗe

Na 2010 yana ɗauke da kiɗan Huppertz na asali, ƙungiyar makaɗan gidan rediyon Berlin ce ta kaɗa ƙarƙashin Frank Strobel. Gwada shi a wuraren da sauti da motsi ya kamata su haɗu: busar jiniyar canjin aiki, da inda Maria ke buga ƙararrawa lokacin da ruwa ke cinye birnin ma'aikata da ke ƙarƙashin ƙasa. In bugun da kiɗan suna faɗowa tare, an daidaita. Faya-fayai masu araha sukan ɗora kowane irin kiɗan da ba a biyan kuɗinsa, sai ka ji ana kiɗan annashuwa yara na neman nutsewa. A DVD na PAL kuma saurin kashi 4 ɗin nan yakan ɗaga muryar kiɗan kaɗan in ba a gyara ba, mai kunnen kiɗa zai ji.

Mataki na 8: Rubuta sakamako, ka yanke

Ja layi a takarda, kowane faifai da shafinsa: tushe, gudu, siffa, duhu da haske, yashi-yashi, rubutu, kiɗa, shiyya, sai ƙarin abubuwa kamar sharhin masana da ɗan littafin da ke cikin kwali. Kada ka ba su maki ka tara, don nauyinsu ba ɗaya ba ne. Tushe yana gaba da komai: DVD na gyaran 2010 ya fi Blu-ray na datsattsen kwafi, duk yawan ɗigonsa. Bayan tushe sai gudu da siffa, sannan sauran. Tsakanin Blu-ray biyu na gyaran 2010, rubutu da shiyya da ƙarin abubuwa ne za su raba gardama fiye da hoton. Na Moroder, wanda Kino ya fitar a Blu-ray a 2011, ware masa shafinsa daban, domin shi ne ya gabatar da fim ɗin ga masu kallo da yawa a shekarun 1980 kuma ya cancanci a ajiye shi a gefen cikakken, amma auna shi da na 2010 kamar auna mudu da ƙafa ne.

Ka ƙara sa ido daga yanzu, domin tun 1 ga Janairun 2023 haƙƙin mallakar fim ɗin ya ƙare a Amurka, kowa na iya buga shi ya sayar da sabon kwali mai sheƙi. In irin wannan ya zo hannunka, tsallaka kai tsaye zuwa gidan Rotwang ka ga ko za a ja labulen.